Jirgin 'yan sanda da ke shawagi cikin dare: aiki yake yi ko ƙona mai?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni, kuma da haushi nake yin ta, ku yi mini uzuri. Daren jiya wajen ƙarfe biyu jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu ya zo saman unguwarmu. Da wucewa ya yi da ban ce komai ba. Kewaye ya dinga yi a wuri ɗaya kamar shirwa ta hango 'yan tsaki, gilashin taga har karkarwa yake. Ƙaramin nawa haƙora yake fitarwa, da ƙyar na lallaɓa shi ya yi barci, sai ga wannan rugugi. Minti 40 cur, da idona na duba agogo. Can kuma wata fitila ta ratso labule kamar rana ta fito. Gari ya waye ban ji an ce an kama kowa ba. Don Allah me suke yi a can sama? Ai wanda ke sama ba zai sauko ya sa wa ɓarawo ankwa ba.

Direban Dare: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Biyu. Ni da nake kan titi har asuba na saba da su. In kin ga yana kewaye wuri ɗaya, wani suke nema. In kuma ya miƙe yana tafiya a hankali, mota yake bi.

Tsohon Sajan: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, sannu da rashin barci, Allah ya raya yaro. Maganarki ta ƙarshe gaskiya ce, jirgi bai taɓa kama kowa ba. Mu na ƙasa mu ke kamu. Amma bari in ba ki labarin dare ɗaya, ki auna da kanki.

Mutum uku suka watsar da motar sata suka arce. Biyu mun riƙe su nan take, na ukun ya haura katanga ya faɗa wani fili mai doguwar ciyawa a bayan wasu rumbunan ajiye kaya. Mu shida ne. Filin nan ko mu talatin ne ba za mu taje shi kafin asuba ba, kuma ba mu san ko yana da makami ba. Duk wanda ya taɓa shiga duhu da tocila a hannu ya san abin da nake nufi: kai ba ka ganin kowa, amma kowa yana ganinka. Muka tare kusurwa huɗu muka tsaya. Bayan 'yan mintuna jirgi ya iso, ko fitila bai kunna ba. Sai na ji murya a oba-oba, a natse kamar mai karanta labarai: "Mai tocila na kusa da katanga, tsaya. Juya wa titi baya. Taku goma gaba. Hagunka, akwai kwata." Na leƙa, ga mutum kwance ruf da ciki a cikin kwatar, ya ja wani tsohon kwano ya rufe kansa, ƙafafu a waje. Wallahi sau biyu na wuce ta wurin kafin jirgin ya zo. Da miciji ne da ya sare ni.

To aikinsa ke nan. Ido ne. Mu hannu ne.

Maman Biyu: Ikon Allah. To Baba, a cikin duhu ta yaya ya gan shi ba fitila?

Tsohon Sajan: Akwai wata kyamara kamar ƙwallo a ƙarƙashin jirgin, zafi take gani ba haske ba. Jikin mutum ya fi ciyawa da ƙasa ɗumi, sai ya fito fari fat a allo. Motar da aka kashe yanzu ma ana gane ta a cikin jerin motoci, don injinta da tayoyinta suna nan da zafi. Kuma ba matuƙi ke kallon allon ba, shi tuƙinsa ya ishe shi. Akwai ɗan sanda a gefensa, shi ke juya kyamara, shi ke duba taswira, shi ke magana da mu. Kewayen da kika ga yana yi, don wurin ya zauna a ɓangaren da mai kallon yake ne. Shi ya sa ma za ki ga an rubuta manyan lambobi a rufin motocin sintiri a wurare da yawa. Ba don ku aka rubuta ba, don na sama ne.

Ɗan Zamani: Kyamarar nan har cikin ɗaki take gani fa. Ku tuna wanda ya tayar da bam a gasar gudu ta birnin Boston na Amurka a 2013, a cikin kwalekwale ya ɓuya aka lulluɓe, jirgi ya hango shi.

Bakaniken Jirgi: A'a ƙanena, gyara zancenka. Ba ta ratsa bango, ko gilashin taga ma ba ta ratsawa. Zafin da ke fitowa daga saman abu kaɗai take karantawa. Kwalekwalen nan da ke garin Watertown kusa da Boston siririyar leda ce a kansa, ba bulo ba. Sannan ba jirgi ne ya fara gano shi ba. Mai gidan da kwalekwalen yake ne ya fita bayan gidansa ya ga an taɓa murfin, ya leƙa ya ga jini da mutum, ya kira 'yan sanda. Jirgin 'yan sandan jihar Masacusets ya zo daga baya ya tabbatar musu yana ciki kuma yana motsi, ba sai wani ya kai kansa kusa ba. Wannan ma ba ƙaramin amfani ba ne, amma a bai wa mai gida haƙƙinsa.

Tsohon Sajan: Madalla da Injiniya. Kuma kyamarar tana ruɗuwa. An taɓa jagorantar mu, mu huɗu, muna sanɗa kamar masu farautar zaki, muka zagaye wani abu mai zafi a gindin shinge. Karya ce da 'ya'yanta. Juji mai ruɓewa ma yana fitar da ɗumi. Ranar da aka kwaɗa rana kuwa, katanga da kwalta suna riƙe zafi har dare ya raba, mutum ya jingina da bango ya saje.

Mai Lissafi: Yallaɓai Sajan, labarinka ya yi daɗi, amma da labari ɗaya ba a kare kasafin kuɗi. Ku dubi birnin Los Anjeles a Amurka, wanda rundunarsa ta sama tana cikin mafiya girma da wani birni ya mallaka. Tun 1956 suka fara da jirgi ɗaya, suka kai jirage 17, kuma a yawancin awannin yini akwai biyu a sama suna sintiri ko an kira su ko ba a kira ba. A watan Disamba na 2023 ofishin mai binciken kuɗin birnin, Kenneth Mejia, ya fitar da rahoto: kusan dala miliyan 46.6 a shekara, wato kusan dala 3,000 duk awa ɗaya a sama. Kuma kashi 61 cikin ɗari na lokacin tashi ba a kan manyan laifuka aka ɓatar da shi ba. Akwai shawagi kawai, akwai kai manya wurare, akwai wucewa ta saman bukukuwa. Rahoton ya ce babu gamsasshiyar hujja da ke nuna shawagin nan yana rage aikata laifi. Rundunar ta musanta, ba mamaki, wanzami ba ya son jarfa. Yanzu ku lissafa mini 'yan sanda nawa za a ɗauka, motoci nawa za a saya da wannan kuɗi.

Tsohon Sajan: Malam Mai Lissafi, ba za ka ji na kare yawon shan iska da jirgin gwamnati ba. Kai manya biki ba aikin ɗan sanda ba ne. Amma abu biyu ka haɗa a kwano ɗaya. Shawagi don a tsorata ɓarawon da bai yi sata ba tukuna daban, zuwa kiran ɗan sandan da ke tsaye a bakin fili cikin duhu daban. Na farkon ni ma ina da shakka a kansa. Na biyun jiki magayi.

Mai Lissafi: To ai a nan gizo ke saƙa, Yallaɓai. Su masu jiragen abin da suke cewa shi ne, in jirgin ba ya sama tun farko ba zai iso kiranka da wuri ba. Ka ga na biyun ya dogara da na farkon, kuma na farkon shi ne mai cinye kuɗin.

Tsohon Sajan: Nan kam ka kama ni. Gaskiya ne. Mintunan farko su ne komai. Mai gudu a ƙafa, in ka ba shi minti goma ya bar unguwar. Jirgin da ya zo bayan rabin awa ihu ne bayan hari, sai dai ya tashi jariran mutane.

Direban Dare: Ni dai abu ɗaya na sani. Gara jirgi ya bi mota da a ce motocin 'yan sanda biyar sun biyo ta da jiniya. Na taɓa tsayawa a danja aka wuce ni a guje, iskar kaɗai ta girgiza motata. Da na riga na saki burki da yanzu wani zancen ake. In jirgi na sama, na ƙasa suna ja baya, mai gudun ya zaci ya tsira ya rage wuta, ya je ya faka, a same shi yana kulle ƙofa.

Bakaniken Jirgi: Tun da an zo maganar kuɗi bari in sa baki, don nan ne fagena. Mutane suna zaton mai ne ke cin kuɗin. Mai yana ci, amma ba shi ne babba ba. Jirgi mai saukar ungulu ba kamar mota ba ne da za ka ce sai ta lalace a kai ta gareji. Sassa da yawa a jikinsa suna da adadin awannin da aka yanka musu. In awannin sun cika cire su za a yi, ko da kuwa suna sheƙi kamar yau aka kwance su daga kwali. Farfela, giyabos, sassan inji, kowanne da littafinsa, duk kusoshin da aka taɓa sai an rubuta an sa hannu. Shi ya sa rundunar da ke son jirgi ɗaya a shirye dare da rana ba za ta sayi ɗaya ba, don kullum akwai wanda ke kwance a rumfa hanjinsa a waje. Ƙara albashin matuƙa, horo, inshora. Ita kyamarar kanta da fitilar dukiya ce. Fitilar da ta haska labulen Maman Biyu, irin su Nightsun, ana ƙiyasta ƙarfinta da hasken kyandir miliyan 30 zuwa sama.

Wannan tsadar ce ta sa Ingila da Wels suka haɗe jiragen rundunoninsu a hukuma ɗaya a watan Oktoba na 2012, maimakon kowace runduna ta riƙe nata. An rage jirage, an rufe sansanoni. A 2017 masu sa ido kan aikin 'yan sandan ƙasar suka fitar da rahoto mai zafi, suka ce jirgin yana daɗewa kafin ya iso, har wasu 'yan sanda sun daina wahalar kira. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ka rage kuɗi ka rasa sauri, ka nemi sauri ka zubar da kuɗi.

Sai haɗari, wanda ba a cika son ambatonsa ba. Ranar 29 ga Nuwamba 2013 jirgin 'yan sanda ƙirar EC135 ya faɗo kan rufin wata mashaya mai suna Clutha a birnin Gilasgo na Sikotilan. Mutum goma suka mutu, uku na cikin jirgin, bakwai na ƙasa. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne akwai mai sama da kilo 70 a babban tanki. Famfunan da ke tura shi zuwa ƙananan tankunan da inji ke sha daga ciki ne aka samu a kashe. Injina biyu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, da mai a cikin jirgi. Maɓalli biyu kacal. Duk lokacin da nake koya wa yara aiki sai na kawo musu wannan.

Maman Biyu: Innalillahi. Injiniya ai ka ƙara mini wani rashin barcin.

Bakaniken Jirgi: Afuwan Hajiya. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, shi ya sa har yau ake tuna shi. Ko inji ya mutu, matuƙi yana da dabarar da zai bar iska ta ci gaba da juya farfela ya sauko a hankali, kuma ana yi musu atisayen haka a kai a kai. Sai dai a tsakiyar gari cikin dare wurin sauka ne wahala.

Ɗalibar Shari'a: Ina ta karantawa ban ga wanda ya taɓo abin da ya fi damuna ba. Baba Sajan ya ce jirgi ido ne. To ido a kan wa? Don a nemo mutum ɗaya an leƙa tsakar gida ɗari. Katangar da mutum ya gina don ya suturta iyalinsa ba ta da amfani ga wanda ke sama. A Amurka maganar ta je har Kotun Ƙoli. A 1989, a shari'ar jihar Fulorida da wani mai suna Riley, ɗan sanda ya leƙa rumfar shuke-shuken mutumin daga jirgi a tsayin ƙafa 400, kotu ta ce ba ya buƙatar takardar izinin bincike, tun da kowa ma yana iya wucewa ta wannan sararin. Amma a 2001, a shari'ar wani mai suna Kyllo, da aka auna zafin da ke fita daga gidan mutum da na'ura, kotun ta ce wannan bincike ne, sai da izinin alƙali. Kun ga ko alƙalai sun gane cewa ido daban, na'ura daban. Kuma a Ingila an taɓa ɗaure wani ɗan sanda a 2017 saboda ya yi amfani da kyamarar jirgi yana ɗaukar hoton mutane tsirara a harabar gidajensu. Wa ke duba abin da aka naɗa? Kwana nawa ake ajiye shi?

Tsohon Sajan: 'Yata, wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ba zan kare ɓata-gari don mun sa kaki iri ɗaya ba. Abin da zan ce kawai, wanda ke neman mai bindiga a cikin duhu ba shi da lokacin kallon shanyar kowa.

Ɗalibar Shari'a: Baba, na yarda da mai neman ɗan bindiga. Mai zaman banza a sama nake tsoro, wanda ke cikin kashi 61 ɗin nan na Malam Mai Lissafi. Kuma kada mu manta ido yana iya zama hannu. Ranar 13 ga Mayu 1985 a birnin Filadelfiya na Amurka, daga jirgin 'yan sanda aka jefa bam kan gidan 'yan wata ƙungiyar fafutuka ta baƙar fata mai suna MOVE. Mutum 11 suka mutu, biyar yara ne, gidaje 61 suka ƙone.

Direban Dare: Subhanallahi. A kan garinsu?

Ɗalibar Shari'a: A tsakiyar unguwa.

Ɗan Zamani: Duk wannan dogon zance na tsofaffi ne. Jirgi marar matuƙi ya riga ya kashe kasuwar. Garin Chula Vista a Kalifoniya tun 2018 suke tura shi da zarar an kira, sau da yawa ya riga mota isa. Ba mai, ba rugugi, ba wanda zai mutu in ya faɗo. Masu kare helikwafta abincinsu kawai suke karewa.

Bakaniken Jirgi: Kai yaro, ɗazu ka ce kyamara tana ganin cikin ɗaki, yanzu kuma abincina ka gano? Batirin irin waɗanda 'yan sanda ke amfani da su bai cika wuce rabin awa zuwa minti 40 ba. Ka bi motar da ke gudun kilomita 150 a babbar hanya da shi mu gani. Ka ɗauko wanda ambaliya ta ritsa a kan rufi da shi. 'Yan sandan jihar Merilan ta Amurka tun 1970 suke kwasar waɗanda suka yi haɗari zuwa asibiti da jiragensu, sai ka ɗora majiyyaci a kan naka.

Ɗan Zamani: Allah ya huci zuciyar Injiniya, baki ne ya suɓuce. Amma filin da Baba ya ba da labari, ai ƙaramin zai iya.

Tsohon Sajan: Zai iya, ɗana, har ya fi. Da muna da shi a bayan mota a daren nan da ba mu jira kowa ba. Abin da nake so ku gane, ko babba ko ƙarami, mai magana ne aikin. Na yi aiki da wani mai kallon da ya fito daga sintirin ƙasa, ya san yadda lungu yake a ido, ya san ba ka da kamfas a ka lokacin da kake haki. Ba zai ce maka "arewa maso gabas" ba, cewa zai yi "bi ta inda farar motar nan take." Na kuma yi da wani da ke cewa "ya yi hagu, ya yi hagu!" Hagun wa? Nasa da yake kewaye a sama, ko nawa, ko na ɓarawon? Mu uku muka watse ta hanya uku, mutumin ya bi ta huɗun. Jirgi iri ɗaya ne, kyamara iri ɗaya.

Ɗalibar Shari'a: Kuma ƙaramin da ba shi da ƙara, ni ya fi ba ni tsoro. Babban ko banza kin san yana kanki.

Mai Lissafi: Abu in ya yi araha kuma ba a tunani kafin a tayar da shi. Wannan ma lissafi ne.

Maman Biyu: Na gode muku duka. Na tambayi maƙwabta ɗazu. Wata ta ce wani dattijo ne mai ciwon mantuwa ya fita cikin dare ake nema, wani kuma ya rantse ɓarayin mota ne. Kowa da nasa. In dattijon ne, wallahi na yafe barcin, ko uban wa ya ɓata zai so a tashi gari. Abin da ya rage mini na haushi, me zai hana da safe su rubuta layi biyu su ce ga abin da ya kawo mu? Sannan Injiniya, me ya sa wani lokaci ƙarar take canzawa ta koma fat-fat-fat kamar ana kakkaɓe tabarma? Ita ce ke firgita yaron.

Bakaniken Jirgi: Wasu rundunonin suna rubutawa a shafukansu, Hajiya, ki duba na yankinku. Ita kuwa ƙarar, kowane reshen farfela yana barin guguwar iska a bayansa. In jirgi ya karkata zai yi kwana ko yana saukowa, reshen da ke biye sai ya doki guguwar na gabansa, shi ne marin da kike ji. Kewaye kuwa duk kwana ne. In ya ƙara sama ƙarar tana raguwa, amma hazo ko gajimare in ya yi ƙasa dole shi ma ya yi ƙasa, ko ya koma gida. Ki mayar da gadon yaron ɗakin da ba ya kallon fili, ki kunna fanka.

Maman Biyu: Fankar ma tsoronta yake ji. Bari in je, ga shi can ya farka.